Mayyar Ciyawa

Ƙanena Torkil ya fita kamun kifi a lokacin kaka bai dawo ba. Bayan 'yan kwanaki teku ta ajiye mana shi a yashin arewacin gari, muka kai shi makabartar coci kusa da iyayenmu. Ya bar mini rabin gida, ya kuma bar mini matarsa Jarmila. Gidan bai dame ni ba, ni duk inda na sa haƙarƙarina barci nake yi. Matar ce damuwata, domin tun ana zaman makoki wanta da ke Kanada ya fara nacin ta tattara ta koma wurinsa, ita kuma ta ce za ta ba shi amsa in an wuce bikin Sankt Hans na tsakiyar bazara. Ni dai ba na so ta tafi, kuma duk garinmu Havlund ba wanda bai san haka ba, don bakina ba ya riƙe magana.

Torkil ya haura arba'in bai yi aure ba, har mun cire rai, sai ya kai kifi birni ya dawo da mace. 'Yar Cekoslobakiya ce, ta gudo a shekarar da tankokin Rasha suka shiga ƙasarsu, ya same ta tana gyaran kifi a wata masana'anta. Ranar da ya shigo da ita ko gaisuwarmu ba ta gama iyawa ba. Na sa ta a gefena a rumfar bandar kifi, inda nake aiki tun ina budurwa, na ce bari in ga gudun ruwanta. Sai ga mace mai hannu, ba ta surutu, ba ta kuma tsoron hayaƙi. Da yamma takan dafa mana wani curin fulawa irin na ƙasarsu da miyar kabeji, ina kushewa ina ƙari. Ni ban taɓa aure ba, ban saba wani ya tambaye ni yadda na kwana ba. Ita ta saba mini da wannan, kullum da safe sai ta ce, "Yaya Dagny, ya ƙafar?" To abin da zan rasa ke nan.

Mutanen gari ma ba sa so ta tafi. Sai dai mu mutanen bakin teku muna da nauyin baki wajen nuna ƙauna, in muna son mutum sai mu ajiye masa kifi a ƙofar gida mu gudu. Malam Ejvind ne kawai ba haka yake ba. Shi ne tsohon hedimastan makarantarmu, da ya yi ritaya ya rasa wanda zai koya wa abu sai ya kafa ƙungiyar kallon majigi, ya mayar da mu duka 'yan aji ɗaya. Duk lokacin sanyi yakan sa a aiko masa da tsofaffin finafinan ƙasashen waje daga birni, a haska a zauren taron gari, a sha gahawa da kek a tsakiya, in an gama kuma ya miƙe ya gaya mana abin da muka gani. Rabin masu zuwa don kek ɗin Oda matar mai gidan burodi suke zuwa, har da ni.

Wata safiya a farkon Yuni ya leƙo rumfar banda, yana kare hanci da hankici.

"Dagny, na samo abin da zai riƙe mana Jarmila."

"Igiya ce ko sarƙa?"

"Fim ne na ƙasarsu. An yi shi kafin tankoki su shiga, da suka shiga aka hana nuna shi, wani ya fito da shi a ɓoye. Shari'ar mayu ce ta zamanin da. Ke dai bari ta ji harshensu a zaurenmu, ta san mun san darajar inda ta fito."

"Haba Malam! Mace mijinta bai shekara a ƙasa ba, ka rasa abin da za ka kawo mata sai mayu?"

"Ba mayu ba ne na gaske, Dagny, misali ne. In kin gani za ki gane."

"Ni ɗin? Ba kai ka ce kaina ba ya ja ba tun ina aji uku?"

"Har yanzu ban janye ba," in ji shi. Ya yi tari, ya ƙara danna hankicin. "Sai dai akwai 'yar matsala. Fim ɗin ba shi da rubutun fassara a ƙasa. Sai an samu wanda zai tsaya yana faɗa mana abin da suke cewa."

Ashe Jarmila tana bayan maratayan kifi tana jin mu. Ta fito tana goge hannu a gaban rigarta ta ce, "Zan yi, Malam." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta koma kan aikinta.

A watan Yuni rana ba ta da niyyar faɗuwa da wuri, don haka ranar majigin sai da Baba Laurits, tsohon masuncin da ya fi kowa baki a garinmu, ya kawo tsofaffin ƙyallayen jirgin ruwa, irin waɗanda iska ke turawa, aka toshe tagogi. Zauren ya cika da warin kwalta da gishiri. Mutane sun zo fiye da kullum, har waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin ƙungiya ba. Jarmila ta tsaya a gefen farin ƙyallen, cikin baƙar rigar da ta sa ranar jana'iza, hannuwanta a baya.

Fim ɗin baƙi da fari ne. Wani ƙauye ne a gindin duwatsu, ƙanƙara ta kwantar musu da alkama, sai aka aiko alƙali daga birni ya binciko dalili. Alƙalin ba mai tsawa ba ne, har kan yara yake shafawa. Ya fara da wata mai wankau, mace mai farar hula da baƙin zane ɗaure a gaba, wadda aka ce an gan ta tana shanya a ranar da hadarin ya taso. Da farko mutanenmu dariya suke yi, don ga ƙaton mutum da gemu yana magana amma muryar Jarmila ce ke fitowa.

"Wannan alƙali ya iya harshenmu, sai dai ya auri ɗan Havlund ne ya koya," in ji Baba Laurits daga baya. Aka fashe da dariya, Malam Ejvind ya juyo ya harare shi.

Dariyar ba ta daɗe ba. An kai mai wankau kurkuku, magatakardan alƙali ya riƙa zuwa yana koya mata abin da za ta faɗa a gaban jama'a. Ba duka, ba zagi a gabanmu. Yana zaune ne da haƙuri yana biya mata layi-layi kamar malamin firamare, in ta yi kuskure ya ce su koma farko. Ana hana ta barci, ana hana ta zama. In ta haddace sai a ce saura ta ambaci sunan mutum biyu da suke tashi sama tare. Jarmila ita ce magatakarda, ita ce mai wankau, duk da murya ɗaya, ba ta ɗagawa ba ta saukarwa. Da aka tsaya shan gahawa na kai mata kek, ta karɓa ta riƙe, har aka kashe fitila yana hannunta.

A kashi na biyu aka fito da matar dandalin ƙauye. Ina zaune a layin gaba, shi ya sa na lura da abin da ya faru. Jarmila ta ce, "Na amsa laifina da bakina, ba wanda ya tilasta mini. Na ci amanar mutanen da suka ciyar da ni. Ina roƙon kotu kada ta tausaya mini." Sai da ta gama faɗa sannan matar da ke cikin majigi ta buɗe baki. Jarmila ta riga ta. Kuma na san ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, don da yammar ranar ma aka sauke shi daga motar gidan waya.

Ƙarshen ba a nuna shi ƙuru-ƙuru ba. An nuna mutanen ƙauye kowa yana kawo itace ɗaya yana ajiyewa, sai hayaƙi, sai ihun matar. Nan Jarmila ta yi shiru, don ba abin fassarawa.

Da aka kunna fitila Oda tana kuka da majina, maza suna kallon takalmansu. Malam Ejvind ya miƙe ya gyara tabarau ya ce kada kowa ya ɗauka wannan labarin mayu ne. Ya ce alƙalin nan jam'iyyar da ke mulkin ƙasar ce, mayun kuma su ne mutanen da aka riƙa kamawa bayan yaƙi ana sa su amsa laifin da ba su yi ba. Masu fim ɗin ba su da halin faɗin haka a fili, sai suka sa wa maganar tsofaffin kaya. Ya yi bayani mai kyau, ban hana shi ba, duk da ya ja shi da tsawo. Daga nan ya juya ga Jarmila a hankali ya ce ko tana da abin da za ta ƙara.

Ta ce, "Babana injiniyan jirgin ƙasa ne. A rediyo muka ji shi yana cewa shi ya lalata hanyar jirgi don ya taimaki abokan gaba. Kalmomin kusan iri ɗaya ne da na matar nan. Ina da shekara goma sha biyu aka rataye shi."

Shekara biyar muna gida ɗaya, abin da na sani kawai shi ne ubanta ya rasu tana ƙarama. Sai Oda ta taso da ƙibarta ta rungume ta, Baba Laurits ya cire hula, wasu suka zo suna ba ta hannu ɗaya bayan ɗaya kamar a ƙofar coci. Kowa da zuciya ɗaya ya yi, wannan zan iya rantsuwa a kai.

A hanyar gida na ce mata, "Da kin gaya mini, da na kori Malam da tsintsiya."

"A'a Yaya, fim ne mai kyau. Sun yi ƙoƙari, sun faɗi gaskiya." Muka yi 'yar tafiya, sai ta ƙara da cewa, "Kin ga Oda? Tun da na zo garin nan ba ta taɓa ko dafa kafaɗata ba."

A makon nan ta sayo fenti ruwan ƙwai ta ce kicin ɗinmu ya yi duhu da yawa. Raina ya yi fari tas. Na ce a zuciyata mai shirin tafiya Kanada ba ya sayen fenti. Har na fara tunanin ko in nemi afuwar Malam Ejvind, sai na ga abin bai kai nan ba.

Su kuwa 'yan kwamitin biki suka yi zamansu ba su kira ni ba, wai in na ji, kafin yamma kifin da ke teku ma ya ji. Na dai ga Oda tana yawo da murmushin mai ɓoye abu, in ta gan ni sai ta sauya hanya.

Ranar Sankt Hans gari ya yi kyau, iska ta kwanta. Tun da rana samari suka tara itatuwan da teku ta kawo, da fasassun akwatunan kifi, da wani ruɓaɓɓen kwalekwale, suka yi tsibi a bakin ruwa. A saman tsibin ake kafa mayya, mutum-mutumin ciyawa da tsofaffin kaya da tsintsiya a hannu. A cikinta ake cusa 'yan bututun wasan wuta masu kuwwa, in wuta ta kai gare su sai ta tsala ihu, yara su yi ta tsalle, a ce ta tashi ta tafi dutsen Jamus inda 'yan uwanta suke taro. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da nauyi. Oda ce ke ɗinka mayyar duk shekara. Kunna wutar kuwa shi ne babban girman da garinmu yake da shi, ba a ba mutum sai ya yi wani abin a zo a gani. Babanmu sau ɗaya aka ba shi, shekarar da ya ceto mutum huɗu daga ruwa, kuma har ya mutu yana ba da labarin.

Muna gangarowa yashi da kwandon abinci na tuna cewa Jarmila ba ta taɓa tsayawa a wurin nan ba. Duk shekara a irin wannan yamma Torkil yakan sa ta a jirgi su yi nisa cikin teku, wai daga can an fi ganin wutar garuruwa a jere. Ni da ina yi masa tsiya, ina cewa tsoho da amarci ba ya jin kira. Daga can kuwa wuta kawai ake hangowa, ba a ganin abin da ke samanta, ba a kuma jin komai.

Rana tana nan ba ta faɗi ba, ta yi ja a kan ruwa. Muka matso, na ɗaga kai. A da mayyar Oda tsumma ce kawai da hancin karas, ko jariri ba ya tsoronta. Ta bana kuwa an zauna an yi mata aiki. Farar hula ce a kanta, da baƙin zane ɗaure a gaba, hannuwanta a haɗe.

Oda ta iso tana haki, fuskarta sai ƙyalli take. "Dagny, kin ga ta bana? Da can kame-kame nake yi. Yanzu da na ga yadda ainihin mayu suke sa kaya a fim ɗin nan, sai na ce bari in yi abin daidai. Hular ma da sitati na goge ta."

"Oda," na ce, "Allah ya ba ki hannu, ya kai kan wani wuri."

"Ke dai baƙin ciki ne, ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa ba."

Na dubi Jarmila. Tana kallon sama, fuskarta ba ta nuna komai ba. Na kama hannunta na ce ƙafata ta fara ciwo, mu koma gida. Kafin ta amsa Malam Ejvind ya hau kan akwatin kifi ya fara jawabin wuta, mutane suka matso suka kewaye mu, ba hanyar fita.

Ya yi magana a kan fim ɗin. Ya ce mu gode wa Allah da ya sa muna ƙasar da ba a kama mutum a sa shi haddar laifi, ƙasar da kowa zai faɗi ra'ayinsa ya kwana a gadonsa. Duk wannan yana faɗa ne yana tsaye daidai ƙarƙashin farar hular nan, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce a cikinmu akwai wadda ta ga mugunta da idonta, ta zo garinmu baƙuwa, yau kuma ta zama tamu. Ya ce kwamiti ya zauna, ba wanda ya ja, an yarda bana Jarmila matar marigayi Torkil ita za ta kunna wuta, ta ƙone duk muguntar da aka yi wa ubanta, hayaƙin ya tafi da ita.

Aka ɗauki tafi. Baba Laurits ya taho da sandar wuta, ya sa rigar cocinsa, ya ma aske gemu, abin da bai yi ba ko ranar auren 'yarsa. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Karɓi, 'yata. Ko ni da na tsufa a garin nan ba a taɓa ba ni ba, wai kada in kunna da numfashina mai warin barasa."

Aka yi dariya. Na ce da ƙarfi, "Ku dakata mana, ku ba ku ga..." amma an riga an fara waƙar bikin, murya ɗari ta danne tawa. Yara sun yi layi a gaba sun toshe kunnuwa tun kafin lokaci, suna dariya. Oda ta haɗa hannu a ƙirji tana hawaye. Duk inda Jarmila ta juya fuska ce mai murmushi take jiran ta.

Ta saki hannuna, ta karɓi sandar. Ta taka a hankali har gindin tsibin, ta tsaya kaɗan, ta sunkuya ta cusa wutar a ƙarƙashin kwalekwalen. Itacen ya bushe, nan da nan ya kama. Ta dawo baya, mata suka rufe ta da runguma, wani ya ɗora mata kambin furanni a ka. Na ga ta yi murmushi, murmushi na gaske, har haƙoranta suka fito. Sai wutar ta kai ga zanen, ta haye, mayyar ta tsala ihu mai tsawo, yara suka yi ta sowa. Jarmila ba ta toshe kunne ba, ba ta kau da kai ba. Ta tsaya har hular ta faɗa cikin wuta, ta ci tsiran nama da aka miƙo mata, ta yi wa kowa godiya. Da muka tashi tafiya har ta ce wa Oda ɗinkin ya yi kyau.

Na yi ajiyar zuciya. Na ce ashe ni ce mai tsoron banza, matar nan ta fi ni ƙarfin rai, kuma ta ga yadda ake son ta. Na kwanta da murna a ranar.

Da safe na fito na same ta a kicin ta riga ta dafa gahawa. Ta zuba mini, ta zauna a gabana, ta ce, "Yaya, zan tafi wurin wana."

Na ajiye kofin. "Saboda shirmen jiya? Jarmila, ciyawa ce fa. Ciyawa ce da tsohon labulen Oda. Mutanen nan ba su da wayo, amma ba su da mugunta. Ki bar ni da su, baɗi ko kyanwa ba za a ɗora a kan wutar nan ba."

"Na san ciyawa ce. Ba kuma fushi nake da kowa ba." Ta juya cokali a kofinta. "A benen da muke zaune can ƙasarmu akwai wata mata, Hedvika. Ita take yi mini kitso in mamata ta tafi aiki, in ta yi kek sai ta ajiye mini nawa. Da aka kama babana aka tara duk 'yan unguwa a wani zaure, aka ce wanda ya yarda a rataye maci amana ya ɗaga hannu. Ina leƙe ta taga. Na ga hannunta a sama. Tun ranar nake tambayar kaina wace irin mace ce wannan, me muka yi mata. Ko gaisuwarta ban ƙara amsawa ba har na bar ƙasar."

"To ina ruwan wannan da..."

"Jiya na samu amsa, Yaya. Ba abin da muka yi mata. Mutanen da take zaune da su ne suka kewaye ta, kowa yana kallon ta, ba ta so ta ɓata musu taro. Ni ma da na ga farar hular nan na ce ko za a kashe ni ba zan taɓa sandar nan ba. Sai na ga Baba Laurits ya yi aski saboda ni." Ta ɗago ta dube ni. "Ba wanda ya tilasta mini. Kuma da na kunna na juyo kowa yana mini tafi, daɗi na ji. Daɗi na ji sosai, Yaya. Wannan ne ya hana ni barci."

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba a Havlund, sai ga ni ina kallon tebur. Da ƙyar na ce, "Can Kanada ɗin ma ai mutane ne."

"Mutane ne. Amma can ba wanda ya san ni, ba wanda nake jin nauyinsa. In an miƙo mini abu zan iya cewa a'a. Nan kuwa kuna sona da yawa, ni ma ina son ku, duk abin da kuka miƙo mini karɓa zan yi."

Zuciyata ta yi nauyi, irin nauyin da ban ji ba ko ranar da aka ɗauko Torkil daga yashi, don shi teku ce ta ɗauke shi ba a tambaye ni ba. Wannan kuwa tana zaune a gabana da ranta, kuma na san abin da zan faɗa ta zauna. In ce mata ƙafata tana ƙara lalacewa, ba ni da kowa sai ita, in ta tafi ban san wanda zai tarar da ni ba ranar da na kasa tashi. Duk gaskiya ne. Na kuma san in na faɗa za ta sunkuyar da kai ta ce to, Yaya.

Na buɗe baki. Tana kallo na, tana jira, har kafaɗunta sun fara sauka. Sai na mayar da bakina na rufe. Na dafa tebur na miƙe, na jawo kujera na taka, na sauko mata da babban akwatin Torkil daga saman kabad.

"Sai an goge shi," na ce. "Ƙura ta yi masa yawa."